Mashigar Malaka da Kwantenarka: Tambayoyin da 'Yan Kasuwar Kumasi da Akra Suka Fi Yi

Duk mai saro kaya daga Chaina ya san ɗacin zaman jiran kwantena. Tambayoyin nan daga bakin 'yan uwa aka tattaro su, masu shaguna a Kejetia da Alabar da Suame, da na Makola da Abosokai, waɗanda ajan ya taɓa ce wa "jirgin yana Singafo" ko "an ɗan samu matsala a Malaka", suka amsa da "to, Allah ya kawo shi lafiya" alhali ba su san ko gabas wurin yake ko yamma ba.

Wai ina ne Malakar nan da ake ta ambata?

Malaka sunan wani tsohon gari ne a Maleshiya, kuma sunan ruwan da ya bi ta gabansa. Ruwan dogon lungu ne na teku. A gefe guda zirin ƙasar Maleshiya ne, a ɗaya gefen kuma babban tsibirin Sumatara na Indunisiya. Tsawonsa ya haura kilomita 800, wato kusan tafiyar mota daga Akra zuwa Paga. Siffarsa kamar mazurari: bakinsa na arewa, wanda ya buɗe cikin Tekun Indiya, faɗinsa ɗaruruwan kilomita ne, amma yana ta tsukewa yayin da ake gangarowa kudu.

A gindin mazurarin ne ya haɗu da mashigar Singafo, wadda ta ratsa tsakanin tsibirin Singafo da tsibiran Riyau na Indunisiya, irin su Batam da Bintan. Tsawonta bai fi kilomita 100 da 'yan kai ba, kuma a nan ne hanyar manyan jirage ta fi ƙunci, har ta koma ƙasa da kilomita 3 a wani wuri. Masu harkar jirage kan haɗa mashigun biyu su kira su da suna ɗaya, mu ma haka za mu yi a nan.

Ni a Gwanzu na saya, a Tema za a sauke. Me ya haɗa kayana da Maleshiya?

Taswira ce ta haɗa ku, Alhaji. Jirgin da ya tashi daga Gwanzu ko Shenzhen ko Ningbo gangarowa yake yi ta Tekun Kudancin Chaina, sai ya tarar da tsibiran Indunisiya sun tare masa gaba kamar katanga. Ƙofa mafi kusa a jikin katangar nan ita ce Malaka. In ya fita daga cikinta sai ya keta Tekun Indiya, ya zagaya ta ƙarshen Afirka ta Kudu, ya hauro gaɓar yamma zuwa Lome, Tema, Legas ko Abijan, gwargwadon yadda kamfanin ya jera tashoshinsa.

Tafiyar gaba ɗaya kan ci wata ɗaya da kwanaki, wani lokaci ta doshi wata biyu. Daga ciki, ratsa mashigar kanta kwana ɗaya da rabi ne zuwa biyu. Ka riƙe wannan lissafin, zai yi maka amfani a tambayar da ke kan jinkirin Singafo.

Me ya sa ake ce mata maƙogwaron kasuwancin duniya?

Saboda yawan abin da ke bi ta cikinta. Manyan jirage sama da 80,000 ne ke ratsa ta a shekara, wato fiye da 200 kowace rana, ban da jiragen fito da na masunta. An saba ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hajar da ƙasashe ke sayar wa juna ta teku ta nan take bi. Man fetur kuwa, a 2016 kimanin ganga miliyan 16 ke wucewa kullum, kuma adadin ya ƙaru tun daga lokacin. Yawancinsa daga ƙasashen Larabawa yake, ya nufi Chaina, Japan da Koriya ta Kudu. Ke nan masana'antar da ta ƙera babur ɗin da kake sayarwa, da man da ya ratso Malaka take aiki, sannan babur ɗin ya sake ratso ta kafin ya iso Aboabo.

Ana biyan kuɗin wucewa ne kamar a Suwez?

A'a. Suwez da Fanama mutane ne suka haƙa su, shi ya sa Masar da Fanama ke karɓar kuɗi. Malaka halittar Allah ce, kuma yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta bai wa jiragen kowace ƙasa haƙƙin wucewa ta irin waɗannan mashigai ba tare da an tare su ba. Duk wanda ya rubuta maka "kuɗin wucewa ta Malaka" a cikin lissafin dakon kayanka, ka ce ya nuna maka rasit.

Sai dai hakan ba ya nufin kowa na tuƙi yadda ya ga dama. An raba ruwan gida biyu kamar titi, masu zuwa gabas da hannunsu, masu zuwa yamma da nasu. Tun 1998 wajibi ne manyan jirage su riƙa sanar da cibiyoyin sa ido na Maleshiya da Singafo inda suke. Manyan tankokin mai kuma an shar'anta musu su bar aƙalla mita 3.5 tsakanin gindinsu da ƙasan teku.

Ajan ya ce jirgina ya maƙale a Singafo mako biyu ke nan. Gaskiya ne ko dabara ce?

Yana iya zama gaskiya, amma galibi ba jirgin ne ya maƙale ba, kwantenar ce. Singafo babbar tashar sauyin jirgi ce, kamar yadda fasinjan Bawku kan sauka a Kumasi ya nemi wata motar. Tasharta ita ce ta biyu a duniya bayan Shanghai wajen yawan kwantena, a 2024 ta haura miliyan 40, kuma mafi yawansu ba na 'yan Singafo ba ne, masu jiran wani jirgin ne. Tanjung Pelepas da Port Klang da ke ɓangaren Maleshiya su ma irin aikin da suke yi ke nan. In ƙaramin jirgin da ya ɗauko kwantenarka daga Chaina ya makara da kwana ɗaya, babban jirgin Afirka ta Yamma ya riga ya tashi, sai a jira na mako mai zuwa. In shi ma ya zo a cike, a ƙara wani makon. Mako biyunka ke nan, ba tare da wani abu ya faru a cikin ruwa ba.

Akwai kuma lokutan da tashar kanta ke cushewa. Daga ƙarshen 2023, da 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, jiragen Turai suka bar Suwez suka koma zagaye ta Afirka ta Kudu. Jadawalinsu ya hargitse, suka riƙa isowa Singafo a cunkushe, har a tsakiyar 2024 jirage na shafe kwanaki suna jiran wurin tsayawa. Jiragenmu da ma ba Suwez suke bi ba, amma kuɗin dako ya tashi mana duk da haka, domin jirage da kwantenonin da ba kowa a ciki sun yi ƙaranci ko'ina.

A nawa ganin, sau da yawa sunan Singafo ake fakewa da shi saboda ta yi nisa, ba mai zuwa ya duba. Kwantenar da aka ce tana can wani lokaci ko lodinta ba a yi ba a Chaina, domin mai haɗa kayan jama'a yana jiran ta cika. Tambaya ta ƙarshe ta yi bayanin yadda za ka gane.

Na ji an ce wasu jiragen sun fi ƙarfin mashigar. Yaya teku zai yi wa jirgi kaɗan?

Zurfi ne matsalar. A wasu wurare ruwan bai wuce mita 25 ba, ga tudun yashi da ke ƙaura da kansa, ga gawarwakin jiragen da suka nutse. Don haka jirgin da ke nitsewa fiye da mita 20 da ɗan wani abu in ya yi lodi, ba zai bi ba. Har suna aka raɗa wa girman jirgi mafi girma da zai iya wucewa, ana ce masa Malakamaks, kuma masu ƙera tankokin mai da wannan ma'aunin suke aiki. Jiragen kwantena, har manya-manyansu, suna wucewa lafiya, domin ba su kai tankokin mai da jiragen tama nitsewa ba.

To waɗanda ba za su iya ba, ina suke bi?

Akwai ƙofofi biyu a kudu, dukansu tsakanin tsibiran Indunisiya. Ta farko mashigar Sunda, tsakanin Sumatara da Jawa, tsibirin da babban birnin Jakarta yake. Faɗinta a inda ta fi ƙunci kilomita 24 ne, ta fi Malaka sarari nesa ba kusa ba, amma ɓangarenta na gabas ba zurfi, ga igiyar ruwa mai ƙarfi, don haka ba ta magance matsalar manyan jirage. A tsakiyarta kuma akwai dutse mai aman wuta, Krakatau, wanda ya fashe a watan Agustan 1883. Igiyoyin da ya tayar sun hallaka mutum sama da 36,000, an kuma ji ƙarar fashewar har Ostareliya. Ɗan da ya tsiro a gurbinsa, wanda mutanen wurin ke kira Anak Krakatau, wato ɗan Krakatau, shi ma a Disambar 2018 gefensa ya zaftare cikin teku da dare, ruwa ya haura gaɓa ya kashe fiye da mutum 400.

Ta biyu mashigar Lombok ce, tsakanin tsibiran Bali da Lombok. Ita tana da zurfi ƙwarai, kowane irin jirgi na wucewa, kuma nan ce hanyar jiragen da ke ɗauko tama daga Ostareliya zuwa Chaina. Aibinta nisa: jirgin da ya baro Malaka ya zagaya ta Lombok ya ƙara wa kansa kwanaki da kuɗin mai.

Su mutanen yankin yaya suke ƙetarewa? Akwai gada?

Babu gadar da ta haɗa Sumatara da Maleshiya, babu kuma wadda ta haɗa ta da Jawa. An daɗe ana zancen duka biyun. Ta Sunda har an yi nisa da tsare-tsare, sai gwamnatin Joko Widodo ta jingine ta a 2014. Jirgin fito ne abin hawa, kamar na Yeji zuwa Makango, sai dai ninkin-ba-ninkinsa. Tsakanin Merak a Jawa da Bakauheni a Sumatara jiragen na kai da komo dare da rana, ɗauke da manyan motoci da bas-bas, tafiyar kusan awa biyu. Gab da ƙaramar sallah, lokacin da ma'aikatan Jakarta ke komawa garuruwansu, layin motoci a Merak abin kallo ne. Daga Singafo zuwa Batam kuwa kusan awa ɗaya ce a jirgi mai gudu, akwai kuma mai tashi daga garin Malaka zuwa Dumai.

Gadojin da ake gani a hotunan Singafo ba a kan wannan mashigar suke ba. Suna arewaci da yammacin tsibirin ne, a kan siririn ruwan Johor da ya raba shi da Maleshiya.

'Yan fashin teku fa? Za su iya kwashe min kaya?

Da wuya ƙwarai. A farkon shekarun 2000 abin ya yi muni, har a 2005 kasuwar inshora ta Landan ta sanya mashigar cikin jerin wurare masu haɗarin yaƙi. Indunisiya, Maleshiya da Singafo sun fara sintirin haɗin gwiwa a 2004, suka ƙara da na jiragen sama, aka cire sunan daga jerin a 2006, daga baya Tailan ta shigo cikinsu. Abin da ya rage yanzu, musamman a mashigar Singafo, ɓarayin dare ne: su lallaɓo a ƙaramin kwalekwale, su hau jirgin da ke tafiya a hankali, su saci kayan gyaran inji su gudu. Jiragen dakon hatsi da tama da tankokin mai suka fi hawa, domin in sun yi lodi suna kusa da ruwa. Jirgin kwantena dogo ne kuma yana da gudu.

Mu faɗi gaskiya, a shekarun baya matuƙa jirage sun fi jin tsoron ruwanmu na Gini, inda ake sace mutum a nemi fansa, fiye da Malaka. Duk da haka ka yi wa kayanka inshora. Gobara da faɗawar kwantena cikin ruwa ba sa tambayar a wane teku ake.

Yanayi na hana wucewa?

Ba kasafai ba. Mashigar na kusa da tsakiyar duniya, manyan guguwowin teku ba kasafai suke zuwa nan ba, sai dai hadarin asuba mai iska da ke tasowa daga Sumatara ya wuce cikin awa ɗaya ko biyu. Suna da nasu hazon, amma ba irin ƙurar hunturunmu ba, hayaƙi ne na dazukan da ake ƙonewa a Sumatara don share gona. A 1997 da 2015 ya yi kauri har jirage na tafiya da taka-tsantsan. Abin da ya fi ɓata wa ɗan kasuwa lissafi yana can Chaina: guguwar da kan rufe tashoshi tsakanin Yuli da Satumba, hutun sabuwar shekararsu a Janairu ko Fabrairu, da hutun makon farko na Oktoba. Mai son kayan azumi ko na Kirsimeti, da waɗannan zai yi lissafi.

Idan wata rana aka toshe ta fa?

Wannan ita ce tambayar da ke hana mahukuntan Chaina barci. Tun 2003 shugabansu na lokacin, Hu Jintao, ya nuna damuwa cewa mafi yawan man da suke saya ta lungu ɗaya yake bi, lungun da sojojin ruwan wata ƙasa za su iya tarewa. Shi ya sa suka shimfiɗa bututun gas da na mai daga gaɓar Myanmar zuwa lardin Yunnan. A Tailan kuma an shafe ɗaruruwan shekaru ana mafarkin haƙa mashigi a Kra, inda ƙasar ta fi siranta, har yau ba a sa diga ba.

Mun ga samfurin abin a Maris 2021, lokacin da jirgin Ever Given ya gicciye a Suwez kwana shida. Bambancin shi ne Malaka na da ƙofofin gefe da aka ambata a sama. Kaya za su iso, a makare kuma da tsada, kuma mai saye a Kejetia ne zai biya cikon.

Ban da kayan Chaina, akwai wani abu namu da ke bi ta nan?

Leƙa kicin ɗin Hajiya. Shinkafa mai ƙamshi ta Biyetnam da Tailan ta nan ta biyo, man girkin Maleshiya kuwa a bakin mashigar ma ake lodinsa. Namu ma na tafiya: manganis zuwa Chaina, ɗanyen kashu zuwa Biyetnam, koko zuwa masana'antun Maleshiya. Abin da kan ba ni dariya da takaici lokaci guda shi ne kwakwar manja. Asalinta itaciyar Afirka ta Yamma ce. A 1848 aka dasa 'yan tsirai huɗu a lambun Bogor da ke Jawa, Maleshiya ta buɗe gonar kasuwanci ta farko a 1917, yau ga shi su ke sayar mana da mai a jarka.

Wani malami ya ce tarihin Malaka da na Elmina ɗaya ne. Da gaske?

Malam bai yi ƙari ba. Turawan Fotugal sun gina ganuwar Elmina a 1482, suka ci Malaka da yaƙi a 1511 ƙarƙashin Afonso de Albuquerque. Kafin zuwansu Malaka daular Musulunci ce mai sarki, wadda aka kafa wajen 1400, kuma kasuwa ce da Larabawa, Indiyawa, Sinawa da Jawawa ke haɗuwa, domin jiragen filafilai a nan suke zaman jiran iska ta juya. Daga nan ne Musulunci ya ƙara bazuwa cikin tsibiran. Turawan Holan sun ƙwace Elmina a 1637, suka ƙwace Malaka a 1641. Ingilishi sun kafa tasharsu a Singafo a 1819, Malaka ta koma hannunsu da yarjejeniyar 1824.

Sauran labarin ya shafi Kumasi kai tsaye. A yarjejeniyoyin 1871, Holan ta sallama wa Ingila ganuwowinta na gaɓar Gana, Ingila kuma ta janye adawarta ga mamayar Holan a Sumatara. Aka miƙa Elmina a 1872. A 1873 Holan ta afka wa daular Musulmi ta Aceh da ke bakin mashigar ta arewa, yaƙin da ya ci shekaru da dama. Asante kuwa, da ke ɗaukar Elmina a matsayin ƙofarta ta teku, ba ta yarda da cinikin ba. Rikicin ya kai ga sojojin Ingila suka ƙone Kumasi a 1874.

Gaskiya ne akwai mutanenmu da aka kai yaƙi can?

Gaskiya ne. Tsakanin 1831 da 1872 Holan ta ɗebi maza kusan 3,000 ta Elmina zuwa rundunarta ta Indunisiya. A 1837 ta ƙulla yarjejeniya da Asantehene Kwaku Dua na Ɗaya, aka buɗe wurin ɗaukar soja a nan Kumasi, kuma da yawan waɗanda aka tura bayi ne 'yan arewa. Jiragen Holan na wancan zamani ta mashigar Sunda suke shiga Batabiya, wato Jakartar yau. Waɗanda suka dawo an ba su unguwa a Elmina, har yanzu ana kiranta Tudun Jawa. Ɗan sarkin kansa, Kwasi Boakye, an kai shi karatu Holan, ya zama injiniyan haƙar ma'adinai, ya rasu a Jawa a 1904. Zanen atamfar da matanmu ke ɗaurawa ma daga rinin kakin zuma na Jawa Turawan Holan suka kwaikwayo shi.

To yaya zan san inda kwantenata take ba tare da na dogara da bakin ajan ba?

Ka nemi abu uku tun ranar lodi: lambar kwantena, mai haruffa huɗu da lambobi bakwai, lambar takardar lodi, da sunan jirgi. Ka sa lambar a shafin intanet na kamfanin jirgin, zai nuna maka ranar da aka ɗora ta, tashar da aka sauke ta don sauyin jirgi, da ranar da ake sa ran isowa Tema. Sunan jirgin kuma in ka sa shi a MarineTraffic ko makamancinsa za ka ga inda yake a taswira. Kada hankalinka ya tashi in ya ɓace bayan ya fita daga Malaka. A tsakiyar Tekun Indiya babu na'urorin gaɓa da ke kama siginarsa, sai ya kusanci tsibirin Moris ko Afirka ta Kudu yake sake bayyana a manhajar kyauta.

In kayanka na haɗaka ne da na wasu cikin kwantena ɗaya, lambar na hannun mai haɗa kayan, kuma haƙƙinka ne ya ba ka. Wanda ya ce jirgi na Singafo amma ya kasa faɗar sunan jirgin, to kayan na nan a sito a Gwanzu. Da ka ga jirgin ya wuce Kef Tawun, ka fara haɗa kuɗin kwastan da na motar Kumasi, domin kwanakin kyauta da ake ba kwantena a Tema ba su da yawa, suna ƙarewa dimarej, wato kuɗin jinkiri, ya fara hawa.